Barandar Benenmu Ƙarama Ce, Yaya Zan Gyara Ta?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Mun tare a wani gidan haya na bene a Hanwa, kuma barandarmu ba ta wuce ƙafa 4 a faɗi da ƙafa 10 a tsawo ba. Tana fuskantar yamma, tana kuma leƙa tsakar gidan maƙwabta. Yanzu ba abin da ke cikinta sai bokitai da igiyar shanya. Ina so in mai da ita wurin shan iska, amma maigida ya ce kujeru ba za su shiga ba. Muna da yaro ɗan shekara 3.
Wata mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Maigidanki ya faɗi gaskiya, domin kujerar kushin ɗaya takan ci kusan ƙafa 3, abin da zai rage kuwa ko wucewa da faranti ba zai isa ba. Saboda haka ki ajiye batun kujera tukuna, ki fara da sutura. Barandar da ke leƙa tsakar gidan wasu, inda mata ke girki da wanki ba lulluɓi, ba za ta zaunu ba, kuma ko maƙwabtan sun yi kawaici, haƙƙinsu yana wuyanki.

Maganin wannan shi ne asabari, wanda kakanninmu ke ratayawa a ƙofar ɗaki. Ki auna tsawon wurin kafin ki shiga kasuwar Sabon Gari, ki sayi biyu ko uku a jera su daga sama. Asabari yana tare ido ba tare da ya tare iska ba, sannan zai rage miki zafin ranar yamma, wadda a watannin Maris da Afrilu takan gasa bango tun daga azahar har zuwa faɗuwarta. Sai dai a ɗaure ƙasansa da ƙarfen barandar, don iskar da ke zuwa gaban hadari a farkon damina ba ta barin abin da ke reto.

Zama kuma a ƙasa za a yi shi. Tabarma da tum-tum biyu da ɗan teburin shayi sun wadatar. Ni na fi son tabarmar kaba saboda sanyinta, amma a watan Agusta, lokacin da ruwan Zariya ke kwana yana zuba, takan yi funfuna, don haka ta roba ta fi dacewa da damina. Tum-tum na fata kuwa a shigar da shi ɗaki kullum bayan an tashi, ko da hunturu ne, saboda ƙura.

Zaman ƙasa yana da wata fa'ida da ta fi kwalliya: yaronki ba zai sami abin takawa ya hau ƙarfe ba. Bokitan nan da kika ambata, kifaffen bokiti tsani ne a wurin ɗan shekara 3. Ki duba tazarar da ke tsakanin sandunan ƙarfen. Idan ta haura inci 4, ki nemi izinin mai gidan hayar a kira mai walda ya ƙara sanduna a tsaye, ba a kwance ba, domin na kwance matakala ce.

Idan kina son shuka, na'a-na'a da ɗaɗɗoya suna yi a ƙaramin kasko, amma a jingina su da bangon ɗaki inda inuwa take. Kada ruwa ya kwanta a ƙarƙashin kaskon, don sauro yana iya ƙyanƙyashewa ya tashi cikin kwana 10. Kada kuma a ɗora duron ruwa a wurin, domin lita 200 nauyin kilo 200 ne, haka nan janareta, wanda hayaƙinsa ke shiga ɗaki ta taga ya hallaka masu barci.

Igiyar shanya ba sai kin rabu da ita ba. A kafa ƙugiya biyu a bango, ki ɗaura ta da safe, ki kwance ta da la'asar kafin ki shimfiɗa tabarma.