Hukuncin makin bashi da banki ke dubawa kafin ya ba da rance

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da yadi a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi nan Kaduna. Na nemi murabaha, wato banki ya sayi kaya ya sayar mini da riba in biya daga baya, a wani banki maras kuɗin ruwa, suka ce makina ya yi ƙasa saboda wani bashi da na makara biya lokacin da maiɗakina ke kwance a asibiti. 'Yan layinmu sun rabu biyu: masu ba da kaya bashi na murna da tsarin, mu masu karɓa muna ganin tonon asiri ne. Wani kuma ya ce in riƙa cin ƙananan basussuka a manhajar waya ina biya da wuri, wai makin zai hau. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah Ya ƙara wa iyali lafiya. Asalin wannan tsari halal ne. Kamfanonin da Babban Bankin Najeriya ya ba lasisi, irin su CRC da FirstCentral, suna tattara tarihin biyan bashin mutum ne ƙarƙashin dokar bayanan bashi ta 2017, su mayar da shi maki. Rubuta bashi kuwa umarni ne a aya ta 282 cikin Suratul Baƙara. Kuma da Faɗimatu bint Ƙais ta nemi shawara kan masu neman aurenta, Annabi (SAW) ya gaya mata cewa Mu'awiya talaka ne ba shi da dukiya, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Malamai sun kafa hujja da wannan cewa faɗin halin mutum ga wanda zai yi mu'amala da shi nasiha ce, ba ta shiga gulma ba. Haka ma Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne. Don haka 'yan layinku masu murna suna da gaskiya.

Amma, Alhaji, a nan nake so masu ba da bashi su saurara. Hadisin mawadaci ya ambata, wato mai taurin bashi da kuɗin na aljihunsa. Wanda ke cikin ƙunci, aya ta 280 ta ce a saurara masa har ya samu sauƙi. Kwamfuta ba ta san bambancin wanda ya ɓoye kuɗi da wanda ya kwana a benci gaban ɗakin tiyata riƙe da takardar magani ba. Duk "ya makara" za ta rubuta. Banki na da 'yancin ƙin sayar maka da kaya, ba a tilasta ciniki. Sai dai ya dace ma'aikacinsa ya ji uzurinka, kuma haramun ne a shigar da bayanin ƙarya a kan mutum, ko a ƙi nuna ya biya bayan ya biya. Masu tura saƙo ga surukai da abokan wanda ake bi suna kiransa ɓarawo kuwa, wannan cin mutunci ne, haramun ne ko da bashin gaskiya ne.

Shawarar abokinka kada ka ɗauka. Bashin da aka sharɗanta ƙari a kansa riba ce komai ƙanƙantarsa, kuma neman maki bai kai lalurar da ke halatta haram ba. Doka ta ba ka damar neman rahotonka daga kamfanonin nan. Ka karɓa ka duba. In akwai kuskure ka rubuta musu su gyara, in babu ka koma bankin da takardun asibiti da shaidar cewa ka kammala biya.

Wallahu a'alam.