Wanda ake kai wa tukunya da wanda ake jefarwa

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce abokanka na birni suna tsokanarka wai mutanen ƙauyenmu ɓera suke ci, kana so ka ji ko haka al'adar take. A gidanmu ba a taɓa ɗora ɓeran ɗaki a wuta ba. Abin da 'yan farauta ke dawowa da shi da rani daban ne, kuma yaro ba ya bin su daji sai ya iya rabe dabbobin.

Fara da wutsiya. Gafiya tata doguwa ce, babu gashi, daga gindi duhu, daga wajen rabi zuwa ƙarshe fari fat. Tana da jaka a kumatu, nan take cusa gyaɗa ta kai rami, shi ya sa ake cewa gafiya tsira da na bakinki. Wasu gidajen suna ci, wasu ba sa ko taɓawa, kuma ba a yi wa kowa gori.

Gyazbi kuwa shi ne naman da ake rububi. Gajeriyar wutsiya, kai ƙato, gashi kaushi, haƙoran gaba ja-ja kamar na tsohon mai cin goro. Fadama yake zama, cikin ciyawa da rake, ba ya shiga ɗaki. A Ghana da Benin har kiwonsa ake yi a keji. Kurege ka san shi, wutsiya buzu-buzu da farin zane a haƙarƙari. Jaɓa mai dogon baki da wari ba danginsu ba ce ma, ƙwari take ci.

Wanda nake so ka kiyaye shi ne ƙaramin ɓeran nan mai laushin gashi, da ke zirga-zirga tsakanin gona da rumbu. Macen tana da nonuwa reras a jere, sun ninka na ɓeran da ka saba gani. Shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu. Fitsarinsa da kashinsa a kan abinci sun isa su sa wa mutum cutar. Kakarka ba ta san sunan cutar ba, amma ba ta kwana da tulu a buɗe, kuma tuwon da ɓera ya taɓa ba ya komawa akushi.

Maganar halasci kuwa ka kai wa malaminku, ni manomi ne. In ka zo hutu ka kawo mini tarko biyu, na rumbu ya karye. Ka gaida mahaifiyarka.