Idan Na Jefa Ƙuri'a, Aikina Ya Ƙare Ke Nan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Tun da na kai shekarun zaɓe ban taɓa fashin fita ba, amma duk wanda muka zaɓa, da ya hau kujera sai ya juya mana baya. Yanzu har zuciyata ta fara raya mini cewa wahalar banza nake sha. Anya ƙuri'ar talaka tana da wani tasiri kuwa? Kuma ban da zaɓe, akwai abin da ɗan ƙasa zai iya yi, ko sai dai mu zuba ido har wani zaɓen ya zagayo?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba zan yi maka daɗin baki in ce ƙuri'arka guda za ta gyara ƙasa ba. Amma a ganina, rabin takaicin nan ya samo asali ne daga nauyin da ake ɗora wa ƙuri'a wanda ya fi ƙarfinta. An saba ce mana da ita ake zaƙulo shugaba nagari, alhali ranar zaɓe ba ka da abin dubawa game da sabon ɗan takara sai alƙawuransa da hotonsa da abin da ka tsinta a bakin mutane. Inda ƙuri'a ta fi kaifi shi ne wajen sauke wanda aka gwada aka ga ya gaza. Masanin falsafar nan Karl Popper a nan ya tsaya: abin da ya raba dimokuraɗiyya da sauran tsare-tsare shi ne jama'a na iya kawar da mai mulki ba tare da an zubar da jini ba.

Kada ka raina wannan. A Gambiya, Yahya Jammeh ya yi shekara 22 a kan mulki. Can ba a dangwala takarda: ɗan ƙaramin ƙwallon gilashi ake ba mutum, ya shiga ya jefa a durom ɗin ɗan takarar da yake so, ƙararrawa ta kaɗa sau ɗaya don a san bai jefa biyu ba. Da waɗannan 'yan ƙwallayen aka kayar da shi a watan Disambar 2016. Ya amince da farko, daga baya ya yi amai ya lashe, sai da ƙasashen ECOWAS suka matsa masa lamba kafin ya bar ƙasar a watan Janairun 2017. A Malawi kuwa, kotun tsarin mulki ce ta soke zaɓen shugaban ƙasa na 2019, bayan an gabatar mata da takardun sakamako da aka shafe alƙalumansu da farin ruwan gyaran rubutu. Aka sake zaɓe a 2020, Lazarus Chakwera ya kayar da shugaba mai ci Peter Mutharika. Da tsadar rayuwa ta ishi mutane, a 2025 suka sauke Chakweran suka maido da Mutharika. Wani zai ce ai an koma gidan jiya. Haka ne, amma duk wanda ya zauna a kujerar nan yanzu ya san ana iya tashinsa.

To sai dai wannan tsoron ba ya shiga ɗan siyasa sai idan ya tabbata masu zaɓe sun san abin da ya yi da dukiyarsu. Idan ba su sani ba, shi ke nan, zai jira kakar zaɓe ya zo da kiɗa da 'yan kuɗi ya wanke kansa. Saboda haka babban aikin ɗan ƙasa yana tsakanin zaɓe da zaɓe ne, kuma mafi yawansa bin diddigi ne: nawa aka ware, wa aka ba, me aka yi da shi.

A jihar Rajasthan ta Indiya, a tsakiyar shekarun 1990, wata ƙungiyar leburori da ƙananan manoma mai suna MKSS ta ɓullo da wata dabara mai sauƙin gaske. Sai su nemo kwafin rajistar biyan leburorin ayyukan gwamnati, su tara mutanen ƙauye a fili, wani ya tashi ya riƙa karanto sunaye da adadin kuɗin da aka rubuta an biya kowa. Ana cikin karatu sai a ji sunan wanda ya daɗe da rasuwa wai ya karɓi lada. Wani ya miƙe ya ce shi bai taɓa yin aikin da aka rubuta masa ba. A karanto kuɗin ginin da aka ce an kammala, ga mutanen wurin a zaune sun san ba a gama shi ba. Yawancin mahalarta ba su iya karatu ba, amma sun san juna kuma sun san ƙauyensu, wannan kuwa ya wadatar. Wasu shugabannin ƙauyuka har kuɗi suka maido. Wannan gwagwarmaya tana cikin abubuwan da suka haifar da dokar 'yancin samun bayanai ta Indiya a 2005.

Uganda ma ta ga irin wannan. Wani bincike ya gano cewa tsakanin 1991 da 1995, kashi 13 cikin ɗari kacal na tallafin da gwamnatin ƙasar ke tura wa makarantun firamare ne ke isa gare su, sauran yana salwanta a hanya. Gwamnati ta fara buga adadin kuɗin da ta tura wa kowace gunduma a jaridu, aka kuma umarci makarantu su liƙa nasu a allon sanarwa. Zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80. Akwai wasu gyare-gyaren da aka yi a lokacin, amma bugawar nan ta taka rawa sosai, domin shugaban makaranta da iyayen yara sun samu adadin da za su riƙe su tambaya.

Wani abin da ke cutar da mu shi ne rashin sanin ƙofar da ya kamata a ƙwanƙwasa. Ɗan majalisa aikinsa yin doka, amincewa da kasafin kuɗi, da sa ido a kan ɓangaren zartarwa. Idan muka mayar da shi mai raba kyauta, muka auna nagartarsa da yawan abin da ya miƙa mana, mun sauke masa nauyin da aka zaɓe shi dominsa, kuma kuɗin kyautar daga wani wuri zai nemo su. Tambayar da ta dace da shi ita ce yadda ya kaɗa ƙuri'a a kan kasafin bana, da abin da kwamitinsa ya gano a ma'aikatar da yake sa wa ido.

Zanga-zanga ma hanya ce, kuma tana aiki wani lokacin. A watan Yunin 2024 matasan Kenya sun tilasta wa shugaban ƙasarsu William Ruto janye ƙudurin ƙarin haraji. Amma an yi asarar rayuka kafin a kai ga haka, shi ya sa nake ganin ba ita ce ta farko ba.

Game da ƙaurace wa zaɓe, ban ba ka shawarar haka ba. Duk lokacin da masu fita suka ragu, ƙuri'un da mai saye yake buƙata su ma sun ragu, ka ga ka sauƙaƙa masa ciniki. Hasali ma, idan da hali ka shiga tun daga zaɓen fid da gwani, domin a can ake yanke waɗanda za ka tarar a takardar zaɓe, kuma mutane ƙalilan ne ke halarta.

Idan kana son farawa, kada ka rungumi ƙasa baki ɗaya. Ɗauki aiki guda da aka sa a kasafin yankinku, ko asibiti ko hanya ko makaranta. Nemo mutum biyar ko goma da abin ya shafa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma jami'i ya fi shakkar takardar da ke ɗauke da sa hannun mutane da yawa. Ƙasashe fiye da ɗari suna da dokar 'yancin samun bayanai, Suwidin ce ta fara tun 1766. Ku rubuta ku nemi takarda takamaimai: kuɗin kwangilar, sunan ɗan kwangila, abin da aka biya zuwa yanzu, da ranar da ya kamata a kammala. Ku tabbatar an buga muku hatimin karɓa a kwafinku da kwanan wata, domin daga ranar wa'adin amsa yake fara ƙirguwa. A Indiya kwana 30 ne, a Najeriya dokar 2011 ta ce kwana 7. Idan wa'adin ya cika ba amsa, wannan kwafin mai hatimi shi za ku riƙe ku tafi kotu ko hukumar da doka ta tanada, shi kuma ɗan jarida zai fara tambayarku kafin ya ɗauki labarin.