Ɗana ba ya shiri da ƙwai, ko za a iya yi masa allurar rigakafi?

Tambaya: Likita, duk ranar da ɗana ya ci ƙwai sai borin jini ya feso masa, leɓensa ya kumbura. An ce mini da ƙwai ake haɗa wasu alluran rigakafi. In fasa kai shi?

Amsa: Malama, kada ki fasa, amma ki faɗa wa ma'aikacin lafiya tun kafin a zuƙo allurar.

Ta ƙyanda ce aka fi tsorata iyaye da ita, alhali ba a cikin ƙwai ake renon ƙwayar cutar ba, a cikin ƙwayoyin halittar ɗan tsako ne, kuma ɗan sinadarin ƙwan da ke iya saura a cikinta bai kai ya tayar da jiki ba. Ana yi wa yara irin naki ita lafiya lau. Wanda ta tayar wa jiki, galibi sinadarin jelatin ne sila, wanda ake sawa a wasu allurai da kuma alewa mai danƙo, shi ya sa nake tambayar uwa ko yaron yana kumbura idan ya ci alewa mai danƙo.

Ta mura mai tsanani ma ba matsala, har akwai wata irinta mai suna Flucelvax da ba a haɗa ta da ƙwai.

Inda nake so ki natsu shi ne allurar shawara. Ita a cikin ƙwan kaza ake renonta, kuma ba ta da madadi marar ƙwai. Yaron da ƙwai ya taɓa sa numfashinsa ya sarƙe, ko ya suma, ba a yi masa ita a kan layi. Likitan da ya ƙware a wannan fanni ne zai fara ɗiga kaɗan a fatarsa ya gani, idan wurin ya tashi sai a raba allurar kashi-kashi, ana sa masa ido. Kumburin leɓe ba abin rainawa ba ne, don haka ki bayyana daidai yadda abin yake faruwa: minti nawa bayan cin ƙwan, ko yana amai, ko muryarsa tana dishewa.

Mummunan tashin jiki bayan rigakafi bai cika faruwa ba, kusan sau 1 ne a allura miliyan, kuma yakan bayyana cikin mintuna. Ku zauna a asibitin minti 30 bayan an yi, ki kuma tambaya ko suna da allurar adirenalin, wato maganin gaggawa na irin wannan tashin jiki, a kusa.