Muryar Yaya Habu: amsar tambayar Maryam kan insulin da sukari

Assalamu alaikum jama'a. Maryam, tun da hantsi na ji saƙonki, ina gona ne nan bayan Kura, sai yanzu sabis ya dawo. Kin ce an ba ku aikin rubuta bayanin furotin, wai tunda insulin na sauke sukarin jini, ko ki sa sukari a matsayin abin da yake kamawa?

A'a ƙanwata, ba nan ne gurbinsa ba. Insulin ko taɓa sukari ba ya yi. Makarɓinsa, wato furotin ɗin da ke karɓar saƙonsa, yake kamawa a bangon ƙwayar halitta, saƙo ya bi hannu-hannu a ciki, har wani furotin mai suna GLUT4 ya taso bakin ƙofa a tsoka da kitse. To GLUT4 ɗin ne mai shigar da sukarin.

Kin dai san yadda ruwan Tiga ke iso mana. Mutumin da ke murɗa ƙofar babban kanal bai san ma inda fangalin shinkafata yake ba, amma ran da bai buɗe ba, ni da barci sai dai wani. Shi ya yi min ban ruwa? Ina! Yaron da ya fasa kunya da fartanya, shi ya yi. Amma kuma ba a share sunan mai ƙofar. To insulin ne mai ƙofar, GLUT4 kuma yaron.

Shi ya sa Gene Ontology, tsarin rubuta bayanin aikin furotin, wanda masu binciken ƙuda da ɓera da yis suka fara a 1998, ya raba musu ɗaki. Abin da furotin ke yi da kansa daban, lamarin da yake da hannu a ciki daban. Kama makarɓi a na farko, daidaita sukari a na biyu.

Inda ɗalibai ke zamewa, kuma ni ma na zame, shi ne a ga abu ya hau bayan ƙwayar gado ta samu matsala, sai a ɗora mata. Ɗauki sikila. Idon yaro ya yi ruwan ɗorawa don sinadarin bilirubin ya taru, amma HBB, ƙwayar gadon da ke da matsala a sikila, ba ta ƙera bilirubin, wani sashe na himogulobin, furotin ɗin jajayen ƙwayoyin jini, kawai take bayarwa. Jajayen ƙwayoyin jini ne ke fashewa da wuri, wasu furotin daban da ake kira inzayim su juya abin da ya zube ya zama bilirubin.

Don haka duba takardar da malaminku ya ba ku. A kwalba aka haɗa furotin ɗin da ɗaya abin aka ga sun kamu, ko a dabba aka cire ɗaya aka ga canji? Kamuwa ta ɗakin farko ce, canji na ɗaki na biyu. Turo min hoton shafin, zan duba bayan isha'i in na karɓo wayar daga wurin mai caji.