Amsa Ga Baffa Kan Taicin Da Muke Yi A Gwanzu

Assalamu alaikum Baffa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Saƙonku ya iso, na kuma fahimci abin da ya tayar muku da hankali. Kun ga bidiyon da ake turawa a WhatsApp, Hausawa magidanta sun jeru bayan wani tsohon Basine a fili, suna ɗaga hannu a hankali suna saukewa, ba mai cewa uffan, abin da ake kira Taici ke nan. Kuka ce in faɗa muku tsakani da Allah, bauta ce ko motsa jiki, kuma me ya kai ɗan Musulmi cikinta. Tambayar tana bisa hanya, don mu ma sai da muka yi wa kanmu ita kafin mu shiga sahu.

Sai kun san irin zaman da muke yi a nan sannan dalilin zai fito. Yawancinmu a unguwar Shiyawbei ta birnin Gwanzu a ƙasar Sin muke, mu sayi kaya mu tura wa 'yan Kantin Kwari da Sabon Gari da masu wayoyi na Farm Centre. Agogon Sin yana gaban na Kano da awa 7. Lokacin da mai kaya ya idar da la'asar ya zauna zai yi lissafi, mu nan sha biyun dare ta kusa, kuma kira ba ya yankewa: kwantena ta tashi? Nawa aka canza dala yau? Da rana ana zaune a mota zuwa masana'anta, ko a ofishin masu jigila ana jira. Ɗakin kwana ƙarami a saman bene, ba tsakar gida, ba ƙofar gida da za a shimfiɗa tabarma. A gida mutum yakan taka zuwa masallaci sau biyar, ya leƙa ɗaurin aure, ya raka gawa, ya zauna a majalisa ya yi dariya damuwa ta ragu, bai ma san yana yi wa jikinsa magani ba. A nan duk wannan ya ɓace. Shi ya sa za ku ga yaro ɗan shekara 40 yana yawo da ƙwayar hawan jini a aljihu, ga ciwon baya, ga rashin barci.

Kusa da mu akwai lambun shaƙatawa na Yuexiu. Duk wanda ya fita bayan sallar asuba zai tarar da shi cike da tsofaffin Sinawa rukuni-rukuni, kowa ya rataye gorar shayinsa a reshen bishiya. A nan mutanenmu suka fara ganin abin. Ba a kore su ba da suka tsaya kallo, aka ma matsa musu wuri a sahun baya.

Asalin Taici dabarun faɗa ne da kare kai. A ƙauyen Chenjiagou na lardin Henan aka san shi tun ƙarni na 17, ana danganta tsara shi ga wani tsohon soja, Chen Wangting. Daga baya Yang Luchan, wanda ya rasu a 1872, ya koya a wajen zuriyar Chen ya kai shi Beijin, salonsa mai taushi ne ya fi yaɗuwa a duniya. A 1956 hukumar wasanni ta ƙasar Sin ta tace shi ta fitar da gajeren tsari mai motsi 24 domin jama'a, wanda ake kammalawa cikin kamar minti 6. Shi muke yi. A 2020 kuma UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya Taici a jerin al'adun gado na duniya.

Wanda ke kallo daga nesa zai ce ai ba aiki a ciki. Ranar da ya gwada zai sake magana. Ana tsayawa gwiwa a ɗan lanƙwashe, a kwashe nauyin jiki gaba ɗaya a ɗora kan ƙafa guda, sannan a miƙa ɗayar a ajiye diddige a hankali, sai a tura nauyin zuwa kanta ba tare da kai ya yi sama ko ƙasa ba. Wuya a miƙe, kafaɗa a sake, ƙugu ne ke juya jiki, kamar yarinyar da ta ɗauko tulu cike daga rafi ba ta son ɗigo ya zuba. Malaminmu, dattijo ne da ya haura 70, ba ya jin Hausa, mu ma Sinancinmu na ciniki ne. Zagayawa yake yi, in ya ga gwiwar mutum ta wuce yatsun ƙafa sai ya taɓa ta da ɗan mahucin da ke hannunsa ya mayar da ita baya. In ya ga kafaɗa ta ɗage sai ya ɗora tafinsa a kai har ta sauka. Kafin a yi zagaye uku cinya ta fara rawa, gumi ya jiƙa riga, amma numfashi yana tafiya a natse. Kuma ba a iya yin wannan ana lissafin bashi, domin da hankali ya tafi wajen kwantena ƙafa za ta ɓace. A ganina babban amfaninsa ke nan ga ɗan kasuwa: rabin awa da waya ke cikin jaka, zuciya ba ta bin kuɗi.

Yanzu ga abin da ya fi damun ku. Ba zan ɓoye muku ba, Taici yana da saiwa a falsafar Sinawa ta da, ta yin da yang, wato abubuwa biyu masu kishiyantar juna da ke cika juna. Akwai masu haɗa shi da addinin Tao, har suna ba da labarin wani waliyyinsu a dutsen Wudang da suke cewa shi ya ƙirƙiro shi. Suna kuma maganar wani ƙarfi da suke kira ci, wai yana zagaya jiki. Mu mun tsaya a motsi da numfashi, wannan bayanin mun bar musu. A rukunin da muke zuwa ba gunki, ba turare, ba addu'a, ba a fuskantar wata alƙibla. Gaisuwar da ake yi wa malami ita ce a dunƙule hannun dama a rufe shi da tafin hagu a gaban ƙirji, a tsaye. Mun yi shawara tun farko cewa ba mu rusunawa, kuma ba wanda ya taɓa tambayar mu dalili. In mutum ya shiga ajin da ya ga an ajiye hoto ana sunkuya masa, ko ana maimaita kalmomin da bai san ma'anarsu ba, sai ya ɗauki takalminsa ya nemi wani. Lambun yana da faɗi.

Abin da ya ƙara kwantar mana da hankali shi ne 'yan'uwanmu Musulmin Sin, ƙabilar Hui. Muna haɗuwa da su a sallar Juma'a a masallacin Xianxian da ke daf da lambun, inda suke cewa kabarin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas yake, ko da yake abin da malaman tarihinmu suka tabbatar shi ne a Baƙi'a ta Madina aka binne shi, Allah ya ƙara masa yarda. Su Hui sun daɗe da shahara a wasannin faɗa irin na ƙasarsu. Salon Chaquan a hannunsu ya yi suna, kuma Wang Ziping, wanda ya rasu a 1973, Musulmi ne da Sinawa ke ƙirgawa cikin manyan gwanayen wannan fage. Mutanen da suka riƙe salla da azumi shekaru aru-aru a tsakiyar waɗanda ba Musulmi ba sun san inda iyaka take. Duk da haka a cikinmu akwai waɗanda ransu bai kwanta ba, musamman saboda ɗan kiɗan da wasu rukunoni ke kunnawa. Su sai su zagaya lambun da ƙafa, mu haɗu a bakin ƙofa mu tafi shan shayi tare. Ba mu mayar da abin rigima ba.

Batun mata kuwa, gaskiya ne maza da mata ke tsayawa a fili ɗaya, galibi tsofaffi. Mu muna riƙe gefe guda a baya. Akwai darasin da ake yi mutum biyu, hannu na taɓa hannu ana ture juna a hankali, wannan namiji da namiji kawai muke yi. Matanmu da ke so suna taruwa a falon ɗaya daga cikinsu bayan yara sun tafi makaranta.

Kun tambaya ko da gaske yana magani. Likitoci sun gwada shi. A 1996 an buga binciken da aka yi a birnin Atlanta na Amurka kan tsofaffi masu shekara 70 zuwa sama, aka ga haɗarin yawan faɗuwa ya ragu da kusan rabi ga masu yin Taici. A wani binciken da aka buga a 2016, masu bincike a Boston sun raba mutum 204 masu ciwon gwiwa na zaizayar gaɓa, wasu Taici wasu gashin ƙashi na asibiti, bayan mako 12 sauƙin da suka samu ya zo kusan ɗaya. A wanda aka buga a 2024 kuma an gwada mutum 342 a nan Sin waɗanda jininsu ya fara hawa: bayan shekara guda lambar sama ta awon jinin masu Taici ta sauka da kamar 7, ta masu sauran motsa jiki da kamar 4 da rabi. Sauƙi ne na gaske, amma bai kai a ajiye magani ba. Abin da nake jin tsoro ke nan ga mutanenmu, da an ji daɗin jiki sai a watsar da ƙwaya a ce an warke. A rukuninmu muna tuna wa juna ranar zuwa awo, kuma wanda aka kwana biyu ba a gani a sahu ba, ana hawa benensa a ƙwanƙwasa. Da yawa an gano suna kwance ne ta wannan hanya, a garin da maƙwabcinka bai san sunanka ba.

Na tuna kuna kukan gwiwar hagu, har Inna ta ce kun koma salla a kujera. Ku fara nuna wa likita tukuna. In ya amince, idan na zo hutun babbar Salla zan nuna muku tafiyar farko kaɗai, ta matsar da nauyi daga ƙafa zuwa ƙafa, kuna dafe da bango a soro. Ba ta buƙatar kaya ko kuɗi, kuma zai fi daɗi in kun jawo abokan majalisarku biyu ko uku.

A gaishe da Inna da su Goggo da yaran gida duka. Allah ya bar mana ku.