Anti, ni fa gidan bene nake so

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Shekararmu 9 muna haya a Kurna a nan Kano, maigidana malamin makaranta ne, da kyar da adashe ya sayi fili a Ɗanbare yanzu wai ɗaki uku da falo zai gina mu tare a ciki, ni kuma tunda na je gidan ƙawata a Nasarawa na ga bene da tayil har bango wallahi raina ya ƙi kwanciya. Laifi ne in ce ya jira sai mun samu na babban gida?

AMSA: Ƙanwata son gida mai kyau ba laifi bane, kowa na so, amma jiran nan shi nake jiye miki. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kin ga yadda siminti da rodi da kwano suka yi tashin gwauron zabi, mafi ƙarancin albashi kuma dubu 70 ne, to yaushe malami zai tara kuɗin dakin, wato rufin kankaren da ake ɗora bene a kai? Ga kuɗin haya duk shekara yana tafiya aljihun wani. Ki zaga bayan gari ki ga kangaye, an kai linta an tsaya, ciyawa ta fito a falo, damina na cin bulo, da yawa masu su bene suka ɗauko ƙarfi ya ƙare. Kuma ƙawar taki ba ki san me ke ƙarƙashin tayil ɗin ba, wani bashi ne. Ki bari ya yi ɗaki ukun, sai dai ki roƙe shi ya sa injiniya ya yi fandisho mai ƙarfi wanda zai ɗauki bene nan gaba, a bar miki tsakar gida ki samu wajen shanya da bishiyar mangwaro ko ɗaya.